Yatsun Mai Duba Ciki

Shekara ashirin da shida aikin Dogo a mayanka ɗaya ne: ya zura hannu ta bayan saniya har kafaɗa, ya lalubo mahaifa, ya faɗi ko akwai ciki. In ya ce akwai, a mayar da ita garke. In ya ce babu, a wasa wuƙa. Bai karanci shari'a ba, amma ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa.

Babban ciki ba wuya: mahaifa kan cika da ƙulle-ƙulle kamar maɓallan riga, ta nan ɗan tayi ke samun abinci. Ƙaramin ciki ne abin tsoro. A makonnin farko ɗan bai gama kama jikin mahaifa ba, yana rayuwa ne da wani farin ruwa da take tsattsafo masa kamar nono. Irin wannan ciki sai kan yatsa ke gane shi.

Yatsun Dogo kuwa sun daina ji tun bara. Ciwon suga, in ji asibiti. Ko matarsa ba ta sani ba, ta dai lura ya daina sa riga mai maɓalli.

Dabararsa ita ce duk saniyar da ya yi shakka, ya ce akwai.

"Baba Dogo," in ji wani mahauci, "kai yanzu ko bijimi aka kawo maka sai ka ce wata biyu ne!"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, gumi na bin bayansa. Likitar dabbobi mai kula da mayankar ba ta ko murmusa ba, tana tsaye tana jiran hukuncin wata jar saniya. Hannunsa na ciki, ba ya jin komai sai ɗumi a damtse. Shanu huɗu ya riga ya mayar a safiyar nan; in ya ƙara ta biyar, za a gano shi.

"Babu," ya ce.

Bayan an yanka, ya bi kayan cikin har teburin wanki. Likita ta tsaga mahaifar a hankali. Ruwa ya zubo, tare da wani abu kamar ɗan ɓera, da kansa da ƙafafunsa huɗu cif.

Ba ta yi faɗa ba. Ta kamo hannunsa ta ce, "Rufe ido, Baba."

Ya rufe.

"Na ɗora maka shi a yatsu, ko ban ɗora ba?"

Dogo ya daɗe tsaye, hannu a miƙe.

"'Yata," ya ce, "ban sani ba."