Ranar da Baba ya mayar da ƙaho zabira

Jiya da hantsi Baba ya riga ya fito da ƙaho da aska, sai baƙon da ya zo neman magani ya naɗe wando ya nuna masa gyambon da ke idon sawunsa.

Mahaifina wanzami ne, duk unguwarmu a Dogon Dutsi an san hannunsa. Baƙon kuwa daga wajen Matankari ya zo yana ɗingishi, zogi ya hana shi noma.

Ya ce, "Sarkin Aska, mataccen jini ne. Sa ƙaho ka jaye mini shi."

Baba ya daɗe yana duban ƙafar. Sai ya mayar da kayansa zabira, ya naɗe nasa wandon. Fararen tabo sun zagaye idon sawunsa.

Ya ce, "Malam, ga nawa. Da hannuna na tsaga shi, sai ya ƙara ci. Da aka auna ni a asibiti, lokotoro ya ce jinina ke daskarewa cikin ƙananan jijiyoyi har fata ta fashe. Maganin tsinka jini da wankin gyambon suka rufe shi. Ban ce naka irin nawa ne ba, amma tahi a auna ka. Askata ba za ta taɓa ƙafar nan ba."

Ni na kai baƙon asibiti a babur.

Na tashi ina ganin aikin askar Baba, amma ban taɓa alfahari da shi kamar jiya da ya naɗe ta ba. Ku fa, me mahaifinku ya ƙi yi da har yau kuke tunawa?