Jan Zaren da Nake Ɗaurawa a Kati

Wata biyar ke nan, amma ranar Larabar da Yagana ta zauna a kujerarmu ta ƙi fita daga kaina. Ku da aka ɗauka aiki bayana kuna yawan tambayata dalilin jan zaren da nake ɗaurawa a katin wasu marasa lafiya. To ga dalilin.

Sunana Asabe. Na gama sakandare, aka ɗauke ni mataimakiya a ɗakin haƙori na wani ƙaramin asibiti a ƙasar Haɗejiya, shekara guda bayan an ba mu jihar Jigawa. Aikina tafasa kayan aiki a kan risho, kiran layi, da ba mutum ruwan gishiri ya kuskure baki. Sama da ni akwai Malam Sabo, babban jami'in haƙori. Ba likita ba ne, amma duk gari Likita ake ce masa. Sama da shi kuma Dakta Bitrus, mutumin Filato, shi ne likitan asibitin gaba ɗaya. Ƙa'idarmu ita ce mataimakiya ba ta sa biro a katin mara lafiya. Abin da ta ji, da baki take kai wa na sama.

Da damina ne, ruwa ya cinye hanyoyin fadama. Yagana ta zo a kwalekwale daga wani ƙauyen masunta, tare da mijinta. Ba ta fi ni shekaru ba. Haƙorin turminta na ƙasa ya ruɓe, kwana shida ba ta iya tauna tuwo. Malam Sabo ya yi mata tambayar da yake yi wa kowa, idonsa a kan kati: "Akwai wani ciwo a jiki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu."

Da na kai ta bayan labule ta kuskure baki, sai ta riƙe gefen rigata. Ta ce, "'Yar uwa, allura ake yi mini duk wata saboda zuciya, tun ciwon gaɓoɓin da na yi ina yarinya. Ban zo da katin allurar ba, tunda don haƙori na zo." Na ce, "Me ya hana ki faɗa masa?" Ta ce, "Haba! Zancen ƙirjina, a gaban namijin da ban sani ba?"

Sai na tuna Dakta Bitrus ya taɓa tara mu ya ce duk mai ciwon zuciya, kada a taɓa bakinsa sai an sanar da shi. Na je wajen Malam Sabo na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, matar nan tana da ciwon zuciya. Ko a kira Dakta?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Asabe, yaushe kika dawo daga jami'a ban sani ba? Baki yana nan, zuciya tana can. Dubi layi har bakin ƙofa, masu kwalekwale suna jira. Riƙe mini kanta."

Na riƙe. Wannan shi ne abin da ke cina. Ɗakin Dakta bai fi taku talatin ba, amma tsoron fuskar Malam Sabo ya hana ni tafiya. Da tafukan nan nawa na riƙe kanta ya cire haƙorin.

Bayan mako uku aka kawo ta a kwance cikin tabarma, zazzaɓi ya ƙi sauka, numfashi sama-sama. An yi maganin zazzaɓin sauro a ƙauye bai ji ba. Dakta Bitrus ya daɗe da abin sauraro a ƙirjinta, sannan ya buɗe bakinta ya ga gurbin haƙorin. Ya aika a kira Malam Sabo.

Kashegari aka miƙo mini takardar tuhuma, wato takardar da ake ba ma'aikaci ya kare kansa kafin a hukunta shi. Wai ban tafasa kayan aiki yadda ya kamata ba, shi ya jawo wa matar cuta. Ni! Ni da yatsuna duk tabon ruwan zafi ne. Malam Sabo ne ya sa hannu.

A ofishin Dakta na faɗi abin da ya faru. Malam Sabo ya ajiye katin a kan tebur ya ce, "Dakta, duba da kanka. Ina aka rubuta zuciya a nan?" Babu kuwa. Ta yaya za a samu, bayan an hana ni rubutu?

Dakta ya tashi ya ce in biyo shi ɗakin mata. Ya tambayi Yagana, ta juyar da kai bango. Sai ya ja da baya ya ce, "Asabe, ke tambaye ta." Na durƙusa a gefen gadon. Da ƙyar ta ce, "Na gaya miki ai. Kuma ina bayan labule na ji ya ce ki riƙe kaina."

A baranda Dakta ya yi wa Malam Sabo bayani ina tsaye. Ya ce bakin kowa cike yake da ƙwayoyin cuta, ko mai asuwaki kullum. In an cire haƙori sukan bi raunin su shiga jini. Mai lafiya jikinsa yakan kashe su, amma wadda ciwo ya lalata 'yar ƙofar cikin zuciyarta, a nan sukan maƙale su yi gida. Ya ce likitoci sun daɗe da sanin haka, kuma masu bincike kullum ƙara gano alaƙar baki da sauran jiki suke yi. Maganin da za ta sha kafin a taɓa haƙorin yana nan a ɗakin maganinmu.

An tura ta Kano. Ba ta dawo ba.

An janye takardata. Malam Sabo kuwa kunne kawai aka ja masa, kuma har gobe ba a bar mataimakiya ta yi rubutu a kati ba. Bayan sadakar arba'in mijin Yagana ya zo da bandar kifi a ƙunshe, ya durƙusa ya yi wa Malam Sabo godiya, wai Likita ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya karɓi kifin. Ina kallo ya karɓa.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan matan fadama ba mai biro suke gaya wa ciwonsu ba, mai miƙa kofin ruwan gishiri suke gaya wa. Shi ya sa na sayi jan zare a kasuwa. Duk wadda ta yi mini raɗa a bayan labule, nakan huda kusurwar katinta in ɗaura, in kai shi ɗakin Dakta da ƙafata. Ba rubutu ba ne, don haka ban karya ƙa'ida ba. In kun ga jan zare, kada ku riƙe kan kowa, ko wa ya ce ku riƙe.