Jinyar Malama Hinde a Badun

A Tambuwal, matan aure da yawa a ɗakin Malama Hinde suka koyi alwala da hukuncin jini. Da hantsi sukan zauna a tabarma, tana kaɗi tana biya musu karatu. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗa guda, Armaya'u, wanda ya zama malamin asibiti a Kebbe. Ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika kallon fuskarsa ba.

Bayan ƙasa ta samu 'yancin kai, jini ya dawo mata, alhali ta daɗe da dainawa. Ta riƙa wanke zannuwanta a ɓoye. Sai da ta faɗi a bakin rijiya aka aika Kebbe.

Armaya'u ya kai ta Sakkwato, likita ya ce ciwon daji ne a bakin mahaifa, maganinsa sai Badun, can ƙasar kudu. Suka bi motar 'yan goro.

A can, likitar Baturiya ce, kuma ba a sami mai jin Hausa ba sai Armaya'u. Ya tsaya bayan labule yana fassara tambayoyin da ɗa bai taɓa yi wa uwarsa ba. Ita kuwa bango take ba amsa.

Aka sa mata wasu 'yan bututun ƙarfe a ciki, masu ɗauke da maganin da ke ƙona ciwon. Aka ɗauki hoton cikinta ta gaba da ta gefe. Likitar ta ɗaga hoton a fitila, ta auna tazarar bututun da mafitsara, don maganin yana ƙona lafiyayyen nama ma. Ɗaya ya goce, sai da aka gyara aka sake hoto.

"Inna, sun ce kada ki motsa har a cire," in ji shi. "Kuma ba a barin kowa shi daɗe kusa gare ki."

"Salla fa, wanga yaro?"

"Da ido, Inna."

"Na sani. Ni ka karantar da hukuncin."

Haka ta kwanta rigingine ita kaɗai, shi yana leƙe ta taga. A baranda likitar ta nuna masa a hoton inda ciwon ya riga ya wuce iyakar maganin. Wannan bai fassara ba.

Jinin ya tsaya. Ta koma gida, ta yi azumi, ɗakinta ya sake cika da mata har kaka. Daga nan ƙafafunta suka fara kumbura, karatu ya koma hannun ɗalibarta Mu'minatu.

Ta rasu tsakiyar damina. Ruwa ya yanke hanyar Kebbe, ɗan aike ya kwana a hanya. Da Armaya'u ya iso da kekensa, laka har gwiwa, an riga an dawo daga maƙabarta. Ya zauna a zaure, mutane suna shigowa suna yi masa gaisuwa.