Gizo-gizon 'Yar Ƙanwata

Aikina a birnin Guangzhou na ƙasar China ɗaurin kaya ne. A unguwar Xiaobei, a ƙasan wani bene, nake danna wandunan jins da takalma cikin buhu, in naɗe da salatif, in ɗora a sikeli. Ban yi boko ba. Kafin in zo nan na yi kiwo, na yi haƙar zinare, na yi shekara biyu a sahara waɗanda ba na son maganarsu. Na san daji.

'Yar ƙanwata ta zo jami'a a garin. Karatun ƙwari take yi. Da aka fara gaya mini na ɗauka wasa ne. Takan zo wurina ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, in saya mata shinkafa da miya, ta ci, ta koma. Ba ma doguwar hira.

A shekararta ta ƙarshe sai ga ta ranar Laraba. Ta zauna a kan kwali har na gama buhu biyu.

"Kawu, akwai matsala."

"Faɗi."

Wata biyu da suka wuce 'yan ajinsu sun tafi daji da malamarsu, kwana uku. Uwarta ta bugo waya daga Kano ta ce 'yarta ba za ta kwana a daji tare da maza ba. Yarinya ta bi maganar uwarta. Yanzu kowa ya miƙa aikinsa, ita ba ta da komai. Malamar ta ce ta kawo hoton wani babban gizo-gizo a kan saƙarsa, cikakkiya, wanda ta ɗauka da hannunta, kafin Litinin ta wuce. In ba haka ba ta maimaita shekara. Waɗanda suka turo ta karatu ba sa riƙe mai maimaici. Gida za ta koma bayan shekara huɗu, ba takarda.

Na ce, "Gizo-gizo? Ɗaga wancan kwalin, za ki samu goma."

"Ba irinsu ba, Kawu."

Ta nuna mini a waya. Baƙi ne mai ɗigon rawaya, ƙafafunsa sun kai faɗin tafin hannuna. Na ce mata ranar Asabar ni zan kai ta daji.

Da yamma uwarta ta kira ni. "Yaya, amana ce. Ka sa ta a bayanka, kada ka bari ta yi gaba." Na ce to.

Ranar Asabar muka shiga motar farko. Tafiyar awa biyu ce zuwa wani dutse mai daji, arewa da gari. A bakin ƙofa akwai wani tsohon ɗan China mai gadi. Ta nuna masa hoton, suka yi magana da yarensu. Ya buɗe hannuwa daidai fuskarsa, wato a kan hanya suke saƙa, kuma suna da yawa. Sannan ya dubi silifas ɗina ya girgiza kai. Ban kula shi ba. Da silifas na ratsa wuraren da suka fi nan.

Dajin ba irin namu ba ne. A namu kana hango saniya daga nesa. A nan ba ka ganin taku goma. Bishiya na hawa kan bishiya, saiwoyi sun fito waje kamar katanga, komai a jiƙe yake ko da ba a yi ruwa ba. Ƙarar ƙwari kamar injin niƙa. Kafin mu yi nisa rigata ta manne a jikina.

Na tsinci sandar gora na shiga gaba. A wurinmu wanda ke gaba aiki biyu gare shi: ya bugi ciyawa a ƙasa saboda maciji, ya kaɗa sanda a sama saboda abin da zai shafi fuska. Tun ina bin shanu nake yi. Hannuna ke yi, ba ni ba.

Tana bayana da kyamarar da makaranta ta ara mata. Ta ɗauki hoton wani ƙadangare kore mai doguwar jela. Ta ɗauki kwaɗon da na rantse busasshen ganye ne sai da ya yi tsalle. Ta tsuguna minti goma a kan wani gizo-gizo da bai kai ƙwayar wake ba. Kurege ya leƙo, ya gudu kafin ta ɗaga hannu. Babban da muke nema dai shiru.

Nakan juyo in ce, "Akwai?"

"Babu, Kawu."

Haka har rana ta take tsaka. Muka tsaya a bakin wani rafi, na yi alwala na yi azahar a kan falalen dutse. Da na sallame na ga burodin da na ba ta yana cinyarta, ba ta taɓa ba. Sandata take kallo, inda na jingine ta.

Na ɗauko sandar. Kanta ya naɗe da wani zare mai ruwan zinare, ya yi kauri kamar an kaɗa auduga, da fukafukan ƙwari a manne. Na ja da yatsa. Ƙarfinsa kamar zaren kamun kifi.

"Wannan fa?"

"Ita ce saƙar, Kawu."

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun farkon hawa."

"Guda nawa?"

"Na ƙirga bakwai, na daina."

"Bakinki ciwo yake yi?"

Ta sunkuyar da kai. "Sau biyu na ce Kawu. Ka ce in yi shiru in kalli ƙasa."

Gaskiya ne, na faɗa. Ban ba ta haƙuri ba, ban iya ba. Na jefa sandar a rafi, ruwa ya tafi da ita.

Na tambaye ta ko mu koma ta baya. Ta ce waɗanda na ɓata wa gida sun shige ganye, sai gobe za su sake saƙa. Gobe kuma an ce ruwa mai iska zai sauka, mai gadi ya gaya mata za a rufe ƙofa. Abin da ya rage mana hanyar da ke gaba ce, da awa uku kafin motar ƙarshe. Hadari ya fara haɗowa ta gabas.

Na ce, "Wuce gaba."

"Kawu, Umma ta ce..."

"Uwarki tana Kano. Wuce."

Ta tsaya tana murza igiyar kyamara. Tunda aka haife ta ba ta taɓa shan gaban babba a hanya ba.

"Ki wuce ko in tura ki."

Ta wuce.

Tafiya a baya ta fi mini wuya. Ban san inda zan kai hannuwana ba. Idona na kan ciyawar da ke gefen ƙafarta. Ita kuwa tafiya take kamar tsohuwar da ta yar da allura, taku uku ta tsaya, ta karkata kai gefe don haske ya nuna mata zare. A wani wuri na ga koren maciji kwance a reshe, dama da ita. Na ce, "Bi hagu." Ta bi hagu. Ban gaya mata dalili ba, har yau.

Mun yi fiye da awa ɗaya a haka. Sai ta ɗaga hannu. Da farko ban ga komai ba. Da na matsa gefe sai ga ta, saƙa daga wannan bishiya zuwa waccan, ta fi ƙofar shago faɗi, ta tare hanya daidai fuskata. Abin yana tsakiya, kansa ƙasa, bai motsa ba. A gefe akwai wani ɗan mitsitsi ja.

"Wancan ɗansa ne?"

"Babbar mace ce, Kawu. Wancan mijinta ne."

"Allah ya ba shi haƙuri."

Ta yi dariya. Ranar na fara jin dariyarta sosai.

Ta ɗauka, ta duba, ta ɓata fuska. Gizo-gizon ya fito, zaren bai fito ba, ya ɓace cikin koren ganye. Ta ce sai da baƙin abu a bayansa. Ba mu da baƙin abu sai rigata. Na tuɓe, na rarrafa ta ƙarƙashin saƙar a cikin laka, na miƙe ta ɗaya ɓangaren, na ware rigar da hannu biyu.

"Sama kaɗan, Kawu. A'a, ka wuce. Ƙasa. Tsaya nan. Kada ka motsa."

"To."

"Kada ka yi magana, numfashinka yana kaɗa ta."

Na riƙe numfashina. Buhu mai nauyin mutum nake ɗagawa kullum, amma rigar nan ta sa kafaɗuna rawa. Na sauke ido ƙasa, na ga abin da mai gadi ya girgiza wa kai. Matsattsaku uku sun kama idon sawuna, na huɗu yana hawowa ta tsakanin yatsu. Ba zafi. Na bar su suna shan jinina.

Yayyafi ya fara. Ɗigon ruwa ya jeru a kan zaren, kowane layi ya fito fili. Na ji kyamara tana ta ƙara, ba tsayawa.

"Ya yi, Kawu."

Da gudu muka sauko, ruwa na dukanmu, kyamarar tana cikin leda a ƙarƙashin hijabinta. Mun sami motar tana shirin tashi. A ciki ta ga jini ya cika silifas ɗina, idonta ya kawo ruwa.

Na ce, "Duba hotunanki."

Ranar Juma'a ta zo kamar kullum. Ta ce malama ta karɓi aikin. Ta miƙo mini hoton, an wanke shi a takarda mai ƙyalli. Malamar ta tambaye ta me ta sa a baya ya yi baƙi haka, ta ce kawunta. Na manna shi a bango saman sikeli. In ka duba can ƙasa ta dama za ka ga maɓallin riga guda ɗaya. 'Yan kasuwar Kano da ke kawo kaya sukan tambaya mene ne wannan. Ina ce musu gizo-gizo ne.

Uwarta ta kira a daren Asabar ɗin da muka dawo.

"Yaya, ka dai sa ta a bayanka ko?"

Na ce mata yarinya ta dawo lafiya.