Labarin da Mang Poldo Ya Karanta wa Ƙanwarsa

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Mang Poldo a garin Malabon ya san ba a yi masa gardamar komik, wato mujallun labarin zane. Tsoho ne gajere mai sanƙo, kullum da almakashi a aljihun riga. Ka ambaci kowane jarumin da aka taɓa zanawa a mujallun da, sai ya tsayar da aski, ya bar ka da rabin kai, ya ba ka labarin tun daga haihuwar jarumin har mutuwarsa. Labari ɗaya ne kawai ba ya so a tayar a shagonsa, wato na Mai Hannun Tagulla. Kuma yana da dalili, bawan Allah.

Yana ɗan saurayi ƙyanda ta tafi da idon ƙanwarsa Sening. Uwarsu tana kasuwa tana sayar da bandar kifi, ubansu yana teku, sai rainon yarinya ya faɗa wuyan Poldo. A lokacin akwai wani mai hayar komik a bakin layinsu, yana rataye mujallu a igiya kamar shanya. Duk Juma'a Poldo zai karɓo sabon fitowa, su zauna a matakalar gida, ya karanta mata rubutun, ya kwatanta mata zanen. Sening ta fi son Mai Hannun Tagulla, don jarumin yana da ƙanwa makauniya mai suna Marikit.

"Kuya, ita ma da bango take lalube?" in ji Sening, don da Kuya suke kiran yaya a can.

"Da bango mana. Amma ta fi ki iya wanke kwano."

Sai ta kai masa duka, ta samu iska, su yi ta dariya.

Wata Juma'a ya buɗe mujalla, idonsa ya riga bakinsa isa ƙasan shafi. Mugun da ke cikin labarin ya yi wa Marikit alkawarin idanu, ita kuma ta sayar masa da sirrin yayanta, cewa ruwan teku yana kashe ƙarfin hannun tagulla. Aka ba ta idon. Abin da ta fara gani shi ne yayanta cikin sarƙa, ta kuwa sheƙe da dariya, ƙasa ta tsage ta haɗiye ta. Haka wani ƙato ya zauna ya rubuta, ban san me makafi suka yi masa ba.

Sening tana gefe tana girgiza ƙafa tana jira. Poldo ya gyara murya, ya fara karanta abin da babu shi a takarda. Ya ce Marikit ta yaudari mugun, ta ƙi karɓar ido, ta kasa kunne ta ji tafiyar mayaƙansa a ƙarƙashin ƙasa, ta ja yayanta har ramin da suke ɓoye, ta ceci birni gaba ɗaya. Sening ta miƙe tsaye tana tsalle a matakala har ta kusa faɗuwa.

Daga ranar ta daina laluben bango. Ta koyi tausa a makarantar makafi, ta riƙa hawa mota ita kaɗai, ta yi aure, da ta haifi 'ya mace ta raɗa mata suna Marikit. Ranar da aka kai jaririyar coci, Poldo ne ya riƙe ta, gumi yana tsiyaya masa har cikin takalmi. Ya so ya faɗa wa Sening gaskiya, ya kasa. Daga baya kamfanin mujallar ya rufe, ambaliya ta bi gida-gida ta cinye tsofaffin takardun unguwa, shi kuma ya ce a ransa Allah ya rufa asiri.

Mutum ɗaya ne ya san maganar, abokinsa Isko, tsohon direban da ke yini a bencin shagon ba aski ba sayayya. Shi ne kuwa ya shigo wata safiya yana ɗaga waya.

"Pare, abokina, ka ji labari? Wasu yara sun buɗe ƙaramin kamfani, suna tambayar mutane wane tsohon labari ya cancanci a sake bugawa. Sun samo Mai Hannun Tagulla cikakke wurin wani tsoho a garin Cebu."

Almakashin Poldo ya tsaya a iska. Wanda ake yi wa aski ya ce ai wannan labari ya fi na yanzu nesa ba kusa ba, wani ya ce zanen ne mai kyau amma ƙarshen ya tsaya masa a wuya, wani ya rantse har yau yana mafarkin hannun nan. Shago ya kaure.

"Shirme ne," in ji Poldo. "A bar matacce ya kwanta."

"Kai da ka haddace shi?" Isko ya kanne masa ido. "Har da wuraren da marubucin bai rubuta ba?"

"Ka tashi min daga benci, tsohon banza."

Isko bai tashi ba, amma ya bar tsokanar, don ya ga fuskar abokinsa.

Sening kuwa da labarin ya kai mata, sai ka ce an yi mata albishir da aljanna. Ta sa duk wanda ta yi wa tausa ya zaɓi labarin a wayarsa kafin ya sa riga. Ta bi matan coci, ta bi masu kifi. Ran Lahadi suna cin shinkafa da miyar tsamiya a gidanta, ta ce saura shi.

"Ba zan zaɓa ba," ya ce. "Labarin yara ne, zanensa ma duk a karkace. Wa zai ɓata takarda a kansa?"

Ta ajiye cokali. "Labarin yara? Kuya, kai ne ka faɗi haka? Tsufa ya ɓata ka. Zuciyarka ta bushe kamar kifin Inay." Da Inay suke kiran uwa.

Ya koma shago ya kasa aiki, ya yi wa wani yanka a kunne, abin da bai taɓa yi ba. Ya ji kunyar ƙaryar, ya ji kunyar zagin labarin da ya raine ta, ya rasa wacce ta fi ci masa rai. Sau da yawa ya kama hanyar gidanta da niyyar faɗa mata gaskiya, sai ya ƙare a kantin taba, shi da ba ya sha.

Aka buga littafin. Marikit 'yar Sening, wadda yanzu malamar firamare ce mai 'ya'ya biyu, ta sayo shi a kan hanyarta ta dawowa daga aiki. Sening ta aika a kira Poldo, ta ce ko ba ya so sai ya zauna ya ji. Ya zo ya zauna a bakin kujera kamar wanda aka kai gaban alƙali.

Marikit ta karanta da murya mai daɗi. Sening tana riga ta faɗin wasu kalmomin, tana dariya. Har aka iso wurin da Poldo ya canza. Marikit ta karanta alkawarin idanu, ta karanta yadda aka faɗi sirrin ruwan teku, muryarta ta fara sanyi. Ta juya shafi, ta tsaya cak.

"Ci gaba mana, yanzu za ta yaudare shi."

"Inay... ba ta yaudare shi ba. Ta karɓi idon."

Marikit ta juya bangon littafin, inda aka rubuta cewa an ɗauki hoton tsofaffin shafukan ne yadda suke, ba a taɓa ko harafi ba. Ta ɗago ta dubi kawunta.

Sening ta buga tafin hannu a tebur. "Ɓarayi! Sun taɓa mana labari! Yaran zamani, ba su iya ganin abu mai kyau su bar shi. Kuya, ba haka yake ba, ko?"

Marikit tana kallonsa, yatsanta a kan rubutun nan.

"Ba haka yake ba," ya ce.

Sening ta lalubo hannunsa ta riƙe da hannu biyu. "Ashe shi ya sa ka ƙi a sake bugawa. Ka san halinsu, ka san za su lalata shi. Ni kuma na zauna na zage ka a kan abinci. Ka yafe mini, Kuya."

Marikit ta rufe littafin a hankali, ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

"Na ji ka yi shiru," in ji Sening. "Har yanzu fushi kake?"

"Na yafe," Mang Poldo ya ce.