Daso da Ɗan Farin Attahiru

A zamanin Turawa, lokacin da ake ɗebo yara daga ƙauyuka ana sa su elemantare a Boɗinga, Daso ce mai tuƙa musu tuwo. Mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, ga faɗa kamar me! Amma duk yaron da ransa ya ɓaci, gindin murhunta yake ƙarewa. Sai ta tura masa gyaɗa ya ɓare, ta juya baya tana tuƙi, magana ta fito da kanta.

Wanda ya fi tayar mata da hankali shi ne Maniru, ɗan Fulanin Shagari. Yaro ya rame, yana dariya shi kaɗai. Ran da ta kama shi yana tauna 'ya'yan zaƙami, masu juya wa mutum kai, sai ta fizge su daga hannunsa. Ta taɓa ganin wanda suka haukata.

"Kai ja'iri! Hauka kake nema?"

Ya daɗe yana ɓare gyaɗa kafin ya ce, "Inna, baffana ba ya so na. Bai taɓa kiran sunana ba. Da aka ce a kawo yaro, ni ya bayar."

Wayyo, yarinta! Maniru ɗan fari ne, kuma Bafulatani ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ma ɗaga ido ya dube shi. Kunya ce, yaro ya ɗauka ƙiyayya ce.

Daso ta hau jaki har rugar uban, ba ta tsaya kwana-kwana ba. "Malam Attahiru, kunyarka za ta haukata maka ɗa." Bawan Allah sai zanen ƙasa yake da sanda. Ta dawo tana ta mita, ta ɗauka wahalar banza ta sha.

Ranar kasuwa sai ga Attahiru a ƙofar madafa da goran nono a hannu. Maniru na zaune. Attahiru ya ba shi baya, ya dubi Daso.

"Ki gaya wa yaron nan, karsanarshi ta haihu. Na hana kowa ɗanɗana nononta sai mai ita ya sha."

Maniru ya riƙe goran da hannu biyu, yana sha yana kuka. Daso ta goge ido da gefen zane.

"Sha a hankali, ja'iri. Baffanka ba gudu zai yi ba."