Rufa-Ƙofa Zai Kashe Kwamfutarsa

Kullum da safe, kafin ya amsa gaisuwar kowa, zai goge ƙurar kwamfutarsa, ya kunna VPN, ya tsaya sai ya ga ta kama. Sannan ya buɗe manhajar toren. "A rufa ƙofa tukuna," haka yake ce wa duk mai gaggawa, har ya zama sunansa: Rufa-Ƙofa. Ya ce toren taron mutane ne da ke miƙa wa juna guntu-guntun abu ɗaya, kuma kowa yana ganin adireshin kowa. VPN ce ke ɓoye naka, ita ce ƙofar da yake nufi.

Manhajar ma ba kowacce yake ɗauka ba. Mai cike da talla, ya ce ɓarauniya ce ta ci kwalliya. Ya zaɓi wata mara ado don tana yarda a ɗaure ta da VPN: ƙofa na buɗewa, sai ta tsaya cak.

Da kamfanin da ya sayi filin tsohuwar kasuwa ya rushe rumfuna da kaya a ciki, ya kuma rantse babu komai a cikinsu, bidiyon da wata mai sayar da kwanuka ta ɗauka ne kaɗai shaida. Duk inda aka ɗora shi, sai a sa a goge. Rufa-Ƙofa ya mai da shi toren, ya bi 'yan kasuwa masu kwamfuta ɗaya bayan ɗaya ya saita musu. Gogewa ta gagara.

Cikin 'yan kasuwar, Tela ne ya gaji.

"Kawu, ƙofar nan taka tafiyar hawainiya take sa abu," in ji shi. "Wa zai neme ni? Ni da ko matata ba ta nemana."

"Matarka ba ta da lauyoyi," in ji Rufa-Ƙofa. "Masu kamfanin suna da su."

Tela ya koma gida ya saka manhajar nan mai talla, ya kashe VPN. Aka bi adireshinsa, aka zo aka tafi da shi. Kuma wa aka zaga? Rufa-Ƙofa! Wai shi ya jefa bawan Allah a masifa. Waɗanda bidiyon nan ya sa aka ba su sababbin rumfuna, su ne yau ke tsallaka titi don kada su gaishe shi. Mai shagon da yake haya ya ce ya kwashe kayansa kafin ƙarshen wata.

Rufa-Ƙofa, kai ne ka yi ta zarya har aka sako Tela, bai zo ya ce maka sannu ba. Kai ne ba ka taɓa faɗin sunan mai kwanukan nan ba, duk da matsin da ka sha. Mun gode, mai kunya a inda kunya ta ƙare. Allah ya biya ka, tunda mu mun kasa.

Shari'ar sauran mutane da kamfanin ba ta ƙare ba, har da mai kwanukan. Wasu sun tsorata sun goge bidiyon, wasu sun samu rumfunansu sun kashe kwamfutocinsu. Ta Rufa-Ƙofa ce kaɗai kwamfutar da ke raba bidiyon yanzu, kuma ya fara naɗe wayoyinta. In da mai sauran mutunci a cikinku, ya je ya karɓi bidiyon ya ci gaba da rabawa kafin a zare ta. Amma a rufa ƙofa tukuna.